E.V.O.: Wasan da ƙaramin kifi ke rikiɗa ya zama mutum

A ƙarshen shekarar 1992 kamfanin Enix na Japan ya fitar da wani wasan bidiyo a na'urar Super Nintendo, wanda kamfanin Almanic ya ƙirƙira. Ya isa Amurka a 1993 da sunan E.V.O.: Search for Eden, amma bai yi tashe irin na su Mario da Zelda ba.

Ɗan wasa yana farawa ne a matsayin ƙaramin kifi a cikin teku. Gaia, wadda labarin ya nuna a matsayin ɗiyar rana, ita ke yi masa jagora ya ratsa zamuna biyar: na kifaye, na dabbobin ruwa da tudu, na dainoso, na ƙanƙara, sai na mutanen farko. Dokar guda ce, ko ka ci ko a cinye ka. Duk naman da ya ci yana ba shi maki, da makin yake sayen muƙamuƙi mai ƙarfi, ko ƙaho, ko wutsiya, ko fata mai kauri. Kowane sauyi da ribarsa da hasararsa: sulke yana kare jiki amma yana rage gudu, ƙaho kuma yakan karye. Idan aka kashe shi, Gaia ta dawo da shi, ya rasa rabin makinsa.

Inda wasan ya sha bamban shi ne yadda yake sa mai nasara ya dubi ɓarnar da ya yi. A zamanin ƙanƙara ɗan wasa yana hallaka iyayen wani ɗan dodon ƙanƙara, ya bar shi maraya yana kuka. Kafin nan, manyan dainoso masu zalunci sun yi masa tayin shiga cikinsu. Wanda ya amsa zai ga duwatsu suna faɗowa daga sama suna shafe su baki ɗaya.

Zama mutum ma ba dole ba ne. Ana iya rikiɗa a zama tsuntsu, ko a ƙarasa wasan da ƙafa huɗu.

Koichi Sugiyama, mai kiɗan Dragon Quest, shi ya tsara kiɗansa. Sai a 2008 wasan Spore na Will Wright ya kai irin wannan tunani na rikiɗar halitta ga jama'a da yawa. Kaset ɗin E.V.O. na asali kuwa yanzu tsada yake yi a hannun masu tara tsofaffin wasanni.