Dashe Uku Bai Kama Ba: Wane Ƙarin Magani Ya Cancanci Kuɗinsa?

Ma'auratan da suka fito daga Mandera ta ƙasar Shagari suna neman haihuwa ta hanyar asibiti sukan bi titin Boɗinga zuwa Sakkwato, su fara da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan abin ya kai ga dashen ɗan tayi, wanda likitoci ke kira IVF, tafiyar kan miƙe har manyan birane irin su Abuja da Legas. Zagaye ɗaya yana cin miliyoyin naira, ban da kuɗin mota da masauki. A karkara wannan kuɗi gona ce aka sayar, ko shanu, ko gwal ɗin matar. To sai a dasa, bai kama ba. A sake, bai kama ba. A wannan gaɓa ce ake fara jin sababbin sunaye: a zaɓo maniyyi na musamman, a yi ƙarin ruwa don kwantar da garkuwar jiki, a sha ƙwayoyin sitiroyid. Kowanne da kuɗinsa daban. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Aikin ba sabo ba ne. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila a 1978, kuma a Abuja Dakta Ibrahim Wada ya samu irin wannan nasara a 1998. Malaman Musulunci ma sun daɗe da yin magana: fatawar Azhar ta 1980 da ƙudurin Majalisar Fiƙihu ta Duniya a Amman a 1986 sun halatta shi matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar aure na nan. Aron ƙwai ko maniyyin wani haramun ne. Wannan yana da tasiri a kan zancenmu, domin a Turai wanda ya gaji da faɗuwa yakan koma ga aro, mu kuwa wannan ƙofa a rufe take, don haka duk wani ƙari da aka tallata mana yana samun kasuwa da wuri.

Abin da ba a cika faɗa wa ma'aurata ba shi ne, faɗuwa sau biyu ko uku ba ta nuna akwai wata ɓoyayyiyar cuta. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2015 ya bibiyi mata fiye da 150,000 a Birtaniya. Kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai suka haihu a zagayen farko, amma an ƙiyasta cewa zuwa zagaye na shida kusan kashi 65 za su samu. Ga matan da ke tsakanin shekara 40 da 42, zagayen farko bai wuce kashi 12 da ɗoriya ba. Babban dalilin rashin kamawa yana cikin ɗan tayin kansa: yawancin waɗanda ba su kama ba ƙwayoyin gadonsu ba su cika daidai ba, kuma wannan matsala tana ƙaruwa da shekarun mace. Babu ƙarin ruwan da ke gyara wannan.

Zaɓen maniyyi yana da tushe mai kyau. Tun 1992, a Beljiyam, aka fara ɗaukar ƙwayar maniyyi guda da allura a cusa ta cikin ƙwai, hanyar da ake kira ICSI. Wannan ta buɗe ƙofa ga mazan da maniyyinsu ya yi ƙaranci ƙwarai ko ba ya motsi, kuma amfaninta a gare su babu gardama. Gardamar tana kan abubuwan da aka ɗora mata daga baya. A hanyar PICSI, ana zuba maniyyi a faranti mai ɗauke da wani sinadari irin wanda ke lulluɓe da ƙwan mace, a ɗauki wanda ya manne, bisa tunanin shi ne ya nuna. Dabara ce mai shiga hankali, kuma an gwada ta da gaske. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2019, daga ma'aurata 2,772 a cibiyoyi 16 na Birtaniya: kashi 27.4 sun haifi jariri a cikakken lokaci da PICSI, kashi 25.2 da ICSI ta yau da kullum, tazarar da ba ta wuce a ce dace ne kawai ba. Abin da ya ja hankali shi ne ɓari ya ragu, daga kashi 7 zuwa 4.3, musamman ga matan da suka manyanta. Don haka idan matsalar ɓari ce ake ta yi, akwai abin tattaunawa da likita. Idan ba haka ba, da wuya ya sauya lissafi. Ita kuwa IMSI, wato duban maniyyi da madubin da ke girmama shi sau dubu shida, har yau ba ta kawo hujjar cewa tana ƙara haihuwa ba.

Zancen garkuwar jiki ya fi saurin shiga zuciya, saboda yana ba mace amsar tambayar da ke hana ta barci. Sai a ce mata jikinta ne ke ƙin cikin, wasu ƙwayoyin jini masu kisa ne ke far masa. Gaskiya ne akwai irin waɗannan ƙwayoyi a mahaifa, amma aikin masana irin su Farfesa Ashley Moffett ta Jami'ar Kembirij ya nuna cewa na mahaifa dabam suke da na jini, kuma aikinsu taimaka wa mabiyiya ta kafu ne. Awon jinin hannu ba ya gaya maka abin da ke gudana a mahaifa. Duk da haka a kan wannan awo ake ɗora magani. Akwai Intralipid, farin ruwa na man waken suya da gwaiduwar ƙwai wanda asali an yi shi ne don ciyar da majiyyacin da ba ya iya cin abinci. Akwai IVIG, mai ɗan karen tsada, da ake tacewa daga jinin dubban mutane, kuma yana iya jawo daskarewar jini ko taɓa ƙoda. Sai sitiroyid, wanda aka gwada a ƙasar Sin a kan mata 715 da dashe ya sha ƙin kama musu. A sakamakon da ya fito a 2023, masu shan maganin kashi 37.8 suka haihu, masu shan ƙwayar da babu komai a cikinta kashi 38.8, kuma an ga alamar ƙaruwar haihuwar bakwaini ga masu maganin. Hukumar da ke sa ido kan asibitocin haihuwa a Birtaniya, HFEA, ba ta sa ko ɗaya daga cikin waɗannan a sahun abin da aka tabbatar ba. A ƙasa irin tamu da tarin fuka ke kwance a jikin mutane da yawa, danne garkuwar jiki ba tare da dalili ba ganganci ne.

A ganina abin da ya fi dacewa da mutumin Mandera shi ne ya tambayi likita kai tsaye: wannan ƙarin, haihuwa aka tabbatar yana ƙarawa, ko kuwa kamawar ciki kawai? Sannan ya lissafa ko kuɗin ƙarin ba za su cinye na wani zagayen ba, tunda zagayen shi ne aka san yana ƙara rabo.

Akwai kuma abubuwa masu arha da ake tsallakewa. Tsargiya sananniya ce a garuruwan da ke kusa da fadama da madatsun ruwa a jihar Sakkwato, kuma ƙwayayenta kan lalata bututun ƙwai da bakin mahaifa, su taɓa mazakutar namiji ma. Tarin fuka na mahaifa yakan bar tabo a inda ɗan tayi zai manne. Ruwan da ya taru a toshasshen bututu yana rage kamawar dashe sosai, kuma ana magance shi da tiyata.

Sai kuma maigida. Kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, amma gorin a kan mace yake sauka, ita ake kira juya, ita ake yi wa kishiya. Awon maniyyi bai kai ko kusa da kuɗin ƙarin ruwa ɗaya ba. Maniyyi yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya nuna, saboda haka zazzaɓi mai zafi da aka yi wata biyu baya yana iya ɓata sakamako, shi ya sa ake maimaita awon bayan wata uku. Taba sigari na rage ingancinsa. Allurar sinadarin testostiron da wasu ke karɓa da sunan ƙarin ƙarfin namiji kuwa tana iya tsayar da yin maniyyi kusan gaba ɗaya, kuma yakan ɗauki watanni bayan an daina kafin ya dawo.