Tumfafiya: Abin Da Take Faɗa Mana Game Da Gonakinmu

'Yan'uwa manoma, a watan Maris ko Afrilu, sa'ad da rana ta ƙone kome, in mutum ya bi ta gonakin da suka rage a bayan Rijiyar Zaki da sauran ƙauyukan Ungogo, zai ga ciyawa duk ta bushe, amma tumfafiya tana nan tsaye da ganyenta. Mun saba ganinta har ba mu kula da ita. Ya kamata kowace ƙungiyar manoma ta san halinta, gama tana ba da labarin lafiyar ƙasa.

Inda take fitowa

Masana suna kiranta Calotropis procera. Ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. Ana samunta tun daga Senegal, ta bi gefen Hamada zuwa Sudan da Masar, ta ƙetare ƙasar Larabawa har Indiya. Daga baya mutane suka kai ta Brazil da Ostareliya, inda ta zama abin damuwa ga makiyaya. Tana nan kuma a bakin Tekun Gishiri, wajen da Saduma take a dā. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa a ƙarni na 1, ya ba da labarin wasu 'ya'yan itace na wurin, masu kyaun gani amma ba abin ci a ciki. Masana da yawa suna ganin tumfafiya yake nufi. Duk wanda ya taɓa fasa ƙwallonta ya tarar da iska da auduga zai gane dalili.

Me ya sa fari ba ya kashe ta?

Na ɗaya, saiwarta takan nutse ƙasa wajen ƙafa 10, ta sha laimar da gero ba ya kaiwa. Na biyu, ganyenta mai kauri ne, da wani farin gari a kansa, don haka ba ya saurin zubar da ruwa. Na uku, farin ruwan jikinta dafi ne, dabbobi ba su cinta sai yunwa ta kai maƙura. Na huɗu, ƙwallo ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan iri, kowanne da gashinsa, iska ta kai shi nesa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 za su shaida cewa ta tsira a inda amfanin gona ya ƙone.

Abin da yawanta ke nufi

Ƙaramar tumfafiya ba ta son inuwa, ba ta kuma iya kokawa da ciyawa mai kauri. Fili tsirara take so: bakin hanya, kufai, makiyayar da dabbobi suka cinye ƙarƙaf, da gonar da aka noma shekara da shekaru ba taki. Saboda haka in ta yi yawa a gona, ba ita ta kashe ƙasar ba. Ƙasa ce ta gaji, ita kuwa ta sami wurin zama. A nan kewayen Kano ba mu da filin da za mu bari ya huta, ga gari kuma yana ta cin gonaki. Kakanninmu sun riƙe ƙasar nan da takin da suke ɗaukowa a kan jakuna. In muka sake, ƴaƴanmu za su gāji rairayi.

Amfani da haɗari

Gara ba ta cika cin itacenta ba, shi ya sa ake sa shi a rufin ɗaki da rumbu. Ana tufka igiya da ɓawonta. Fulanin Kwara da na ƙasar Benin suna sa ruwan ganyenta kaɗan a madara don yin cuku. Amma a yi hattara. In farin ruwan nan ya shiga ido, yakan dushe gani kwana da kwanaki. A wanke idon nan da nan da ruwa mai tsabta, mai yawa, a kai mutumin asibiti. Kada a bar yara su yi wasa da ita. Kada kuma a sha ta da sunan magani, gama dafinta yana taɓa zuciya.

Abin da za mu yi

1. Kowace ƙungiya ta zaga gonakin membobinta kafin ruwan fari, ta rubuta waɗanda tumfafiya ta yi wa yawa. Su za a fara kai wa taki.
2. A cire ƙanana da damina tun saiwar ba ta yi nisa ba. Babba in an sare ta, tohowa take yi, sai an haƙo gindin.
3. A sare ta kafin ƙwallon ya fashe, a baza ganyen a gona ya ruɓe. Mai sara ya kāre idonsa, ya wanke hannu.
4. A haɗa gero da wake ko gyaɗa, a bar wani kara a gona.
5. A bar gawo da sauran itatuwan da ke tohowa. A Maradi, wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya fara koya wa manoma wannan hanya a 1983. Ana kiranta sassaben zamani, ta kuwa rayar da gonaki masu yawa a Nijar.

Ubangiji bai halicci kome a banza ba. Ƙasa amana ce a hannunmu. Bari mu tattauna wannan a taronmu na gaba, kowa ya zo da labarin gonarsa.