Marubuci Tsakanin Kamfanin Wallafa da Aljihunsa



Kafin mu yi nisa, ya kamata mu warware wani ruɗani. Bahaushe kan ce "an buga littafi", alhali kuwa ayyuka biyu ne ya cuɗa a kalma guda. Akwai maɗaba'a, wadda aikinta ta karɓi kuɗi ta ɗora tawada a kan takarda. Akwai kuma kamfanin wallafa, wanda yake zaɓen rubutu, ya tace shi, ya biya maɗaba'a, ya kai littafin kasuwa, sa'annan ya ba marubuci la'ada, galibi wajen kashi 10 cikin 100. Saboda haka marubucin da ya ce zai buga da kansa, dukkan wannan kaya ne ya ɗora a ka, har da asarar da ke ciki.

Ƙagaggun labaranmu ta hanyar farko suka faro. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da NNPC a 1966. Amfanin wannan hanya a fili yake: rubutu yakan bi ta hannun mai gyara, ya fito bisa ƙa'ida, ya shiga manhaja, kuma littafin da ya shiga manhaja ba ya mutuwa da wuri. Ga Magana Jari Ce nan, jikoki na karanta abin da kakanni suka karanta.

To, amma ƙofar ƙunci gare ta. Kamfani makaranta yake kallo, domin nan ne ciniki yake tabbas. Mai labarin da bai dace da aji ba sai ya yi ta jira, ko ya saurari wata gasa, irin wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, aka karya darajar Naira a 1986, takarda ta yi tsada, sai kamfanoni suka ƙara ja baya, daidai lokacin da masu iya karatun boko suka yawaita.

A nan ne matasa suka ce ba za su jira ba. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano. Masana sun yi ta muhawara, wasu suka raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano. A ganina, duk abin da za a ce game da kurakuran rubutunsu, su ne suka kai littafi cikin ɗakunan matan aure, suka kuma taɓo maganar auren dole da kishiya da sakin wulaƙanci. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, ta wannan hanya ya fito, ga shi an fassara shi da Ingilishi a Indiya a 2012.

Sai dai 'yancin nan yana da nasa ubangida, wato dillalin littattafai. Marubuci ya ci bashi ya buga, ya zuba wa dillali, kuɗi kuma sai an sayar, su zo a gutsuttsure. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake raba labari guda kashi biyu ko uku, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. In na ɗaya ya yi kwantai, mai karatu ba zai taɓa jin ƙarshen labari ba.

A yau da yawan marubuta sun koma waya, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na biya kai tsaye. Kuɗin takarda ya fita daga lissafi, dillali ma haka, amma mutum ɗaya ya biya, sai ya tura wa ɗari kyauta.

Ɗalibin da ya zo mini da rubutu, nakan fara tambayarsa: wa kake son ya karanta? In ɗan makaranta ne, ya nemi kamfani, ya karanta yarjejeniya da kyau, musamman wurin da ya ce wa ya mallaki haƙƙin fassara da na fim, da kuma shekara nawa. In kuwa jama'ar gari ne, ya buga abinsa, amma ya ware kuɗin mai gyara tun kafin ya tambayi farashin takarda.