Mota Mai Ƙofa Biyu Daga Jibiya

Shekara da shekaru tsofaffin motocin Turai sukan sauka Kwatano, su biyo ta Maraɗi, su shigo Magamar Jibiya. Ran 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da mota ta kan tudu.

To, malamai da akawuna, wanda 'yar ƙofa biyu mai tabo ta ɗauke wa ido, muna ba shi shawara ya fara duba takardar kwastan, kada albashin shekara ya salwanta. Sa'an nan tabon: hayaƙin inji ke juya shi, shi kuwa ya dura wa inji iska. In shuɗin hayaƙi ya fito, baƙin mai ya ke ƙonewa. Kada a ƙara wa inji ƙarfi sai birki ya gyaru. Araha ba ta ado.