Motocin Alfarma a Hidimar Masu Buƙata ta Musamman

Motocin tsere irin su Ferrari da Lamborghini da Aston Martin an fi saninsu da kece raini da nuna isa. Galibinsu kujeru biyu kacal gare su, ga ɗan karen tsada, ga shan mai. Sai dai a ƙasar Birtaniya an samu wasu daga cikin masu irin waɗannan motoci da suka mayar da su hanyar kyautata wa marasa lafiya da masu buƙata ta musamman.

Ƙungiyar Sporting Bears, wadda aka kafa a 1989, tana cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki. Mambobinta sukan kai motocinsu wuraren baje kolin motoci, kamar wanda ake yi duk shekara a Bamingham. Mai sha'awa sai ya ba da gudummawa, mai motar ya zaga da shi tafiyar kusan mil 10. Mai motar ne ke sayen mai, shi ke ɗaukar nauyin lalacewar taya da inji, kuɗin da aka tara kuwa a miƙa su ga gidauniyoyin kula da yara. Akan kuma ware ranaku domin yaran da kansu, a ɗauko yaro daga keken guragu a zaunar da shi a gaban motar da a da sai dai ya hange ta a hoto.

Akwai wanda ya kai abin gaba da haka. Mike Newman makaho ne, kuma tsohon ma'aikacin banki. A 2014 ya tuƙa Nissan GT-R shi kaɗai a filin jirgin sama na Elvington, ana yi masa jagora ta rediyo, ya zarce gudun mil 200 a awa. Gidauniyar da suka kafa da abokinsa, Speed of Sight, tana da motoci masu sitiyari biyu da birki biyu. Makaho ko mai shanyewar jiki ne ke tuƙi, ƙwararren direba na gefensa, ba ya sa hannu sai in hatsari ya taso.

A nan darajar aikin take. Mai nakasa ya saba da a tausaya masa, a yanke masa shawara, a ce ba zai iya ba. Wanda ya damƙa masa sitiyari kuwa ya amince masa ne, amana kuma ta fi tausayi ɗaga mutum. Musulmi ba baƙon wannan ba ne. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya ƙara masa yarda, makahon da farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, ladani ne a Madina, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha wakilta shi ya ja wa mutane salla idan zai yi tafiya.

Zagayen minti ashirin ba ya sayen magani, ba ya gina gangara a ƙofar makaranta, shi ya sa gudummawar da ke biye da shi take da muhimmanci. Wanda bai mallaki Ferrari ba ma yana da abin bayarwa: ya fara tambayar maƙwabcinsa mai nakasa abin da yake so ya yi da kansa, sannan ya taimaka masa ya yi. Allah Ya sa mu dace.