Itacen Turare da Tsiron Gona

Ku manoma da dagatai, ku duba gindin itacen turare, wanda waɗansu ke kira zaiti. Baƙo ne, daga ƙasar Ostireliya aka kawo shi domin azara da tare iska. Yana da saurin girma, gaskiya ne, amma ko ciyawa ba ta cika fitowa a ƙarƙashinsa ba.

Ba inuwa da shan ruwa kaɗai ke jawo wannan ba. Ku murza ganyensa ku sansana: ƙamshin nan na wani mai ne. Kadan ganye ya zuba, ruwan sama ya jiƙa shi, sai dafinsa ya tsiyaye cikin ƙasa. Iri ya sha, ya yi jinkirin tsira. Wanda ya tsira kuwa saiwarsa takan gajarta, ba ta kai ga laima. Ɗan tsiro ya fi shan wuya, na hatsi ko na itacen gida, gama bai yi ƙarfi ba tukuna.

Gawo fa dabam ne, ganyensa taki ne. Kada ku dasa turare inda 'ya'yan gawo ke fitowa. Ku kai shi nesa da shuka, ganyensa kuma kada ya shiga ramin taki.