Hanyar Tantance Ƙananan Dodon Koɗi na Kogin Challawa a Tankin Gilashi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanya mai sauƙi wadda malamin kimiyya zai bi ya gane irin ƙananan dodon koɗin da kan ɓulla a tankin gilashi na ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibanmu kan ɗebo kainuwa da bado daga Kogin Challawa don su ƙawata tankin kifi. Bayan 'yan makonni sai a tarar da dodon koɗi manne a jikin gilashi, alhali kuwa ba wanda ya sa su. Ƙwayayensu ne suka zo liƙe a ƙarƙashin ganye. Sanin irinsu ya zama wajibi, domin tun shekarar 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa cikin jikin waɗansunsu ne tsutsar tsargiya take girma kafin ta shiga fatar mutum.

2.0 Yadda Ake Dubawa

A ɗauko shi da hantsaki, kada a sa hannu cikin ruwan. A riƙe ƙoƙon tsininsa sama, bakinsa yana fuskantar mai dubawa.

Idan bakin yana hagu, mai yiwuwa Bulinus ne, watau mai ɗauke da tsutsar fitsarin jini. Sai dai akwai Physa, wanda shi ma bakinsa yana hagu, amma tsininsa ya fi kaifi, ƙoƙonsa ya fi sheƙi, kuma ba ya yaɗa tsargiya.

Idan ƙoƙon a kwance yake, nannaɗe kamar gammo, to Biomphalaria ne, mai ɗauke da tsargiyar hanji.

Idan bakin yana dama, mai faɗi, ƙoƙon kuma sakayau, to Lymnaea ne. Shi ne ke renon tsutsar hanta da ke lalata shanu da tumaki.

Idan kuwa dogo ne mai tsini, da murfi a bakinsa, Melanoides ne, ba shi da hannu a tsargiya.

3.0 Abin Lura

Wanda aka ƙyanƙyashe cikin tanki ba ya gadon tsutsa daga uwarsa, saboda ba ta bi ta ƙwai. Haɗarin yana ga babba wanda aka ɗebo daga kogi. Irin wannan sai a ware shi a ƙaramar kwalba, a ajiye a haske da hantsi, sa'an nan a duba ruwan da gilashin ƙara girma ko an ga 'yan tsutsotsi masu wutsiya biyu suna iyo.

4.0 Kammalawa

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa mai tafiya a hankali ya yawaita a ƙasar Kano, wanda shi ne mazaunin waɗannan halittu. Ɗalibin da ya iya rarrabe su a tanki, gobe in ya zama malami zai iya nuna wa yaran ƙauye mashigin da bai kamata su yi wanka ba.